Ko Ta Ina Aka Juya Ka, Kai Ne Dai

Taubashina na Yankwashi, ɗan kawu, sarkin inuwar darbejiya, ina gaisuwa, irin wadda ake yi wa yaron gida. Labari ya iso mini cewa ka sa magini ya rushe tagar sabon zaurenka don wai ta hagu ta ɗara ta dama da faɗin yatsa guda, kuma tun daga ranar ba ka bar kowa ya sha iska a majalisa ba. Kana ta bugun ƙirji cewa duk ƙasar Kazaure, daga Roni har Gwiwa, a haɗa da maƙwabtanmu na Ɓaɓura, babu mai idon gane daidaito kamarka. To, tunda ka faɗa gonar masu lissafi ba sallama, zauna in karantar da kai. Na san zaman ba zai ba ka wahala ba, sana'arka ce.

Abin da ka sani iri ɗaya ne tak, shi ma rabinsa ka sani: daidaiton madubi. A ja layi ta tsakiyar abu, ɓangaren dama ya zama hoton na hagu. Haka malam-buɗe-littafi yake, haka ganyen mangwaro, haka karfasar da masunta ke fitowa da ita daga madatsar ruwan Kazaure, idan ka dube ta ta goshi. Wannan ko yaron da bai fara zuwa makarantar allo ba ya san shi. Masu lissafi ba nan suka tsaya ba. Tambayarsu ita ce: me za a yi wa abu, a juya shi ne, ko a kifa shi, ko a gusar da shi, har wanda ya fita ya dawo ya rantse ba a taɓa shi ba? Yawan irin waɗannan taɓe-taɓe da abu ke haɗiyewa bai nuna alama ba, shi ne yawan daidaitonsa.

Kai ka fi kowa sanin wannan a aikace, ko da ba ka san sunansa ba. Ka tuna furar da kakarmu, Allah ya jiƙanta, take ajiyewa a ɗaki ta rufe da faifai? Kakan lallaɓa ka ɗaga, ka yi kurɓi uku masu nauyi, ka goge baki da hannun riga, ka mayar da murfi. Muddin farin faifai ne mara ado, asirinka a rufe yake, domin da'ira ko ta wane gefe ka ajiye ta, ita ce dai. Ranar da dubunka ta cika, da faifai mai ado aka rufe, mai jan zane guda a gefe. Ta bar jan yana kallon ƙofa, ta dawo ta tarar yana kallon gado. Ba ta tambayi kowa ba, kunnenka kawai ta nema. Zanen nan guda shi ya rage wa faifan daidaito, daga juyi mara iyaka zuwa zama ɗaya tilo, kuma kunnenka na hagu ya biya kuɗin karatun. Wata ƙila tun daga nan ne ma ya fi na dama tsawo, ka duba madubi.

Sauran abubuwa suna tsakanin waɗannan biyun. Tabarma mai tsawo, ba ruwanka da adonta, sai ka yi mata rabin juyi, kai ya koma ƙafa, kafin ta cika gurbinta. Tayil mai kusurwa huɗu da gefe daidai yana da hanyoyi 8 na komawa gurbinsa: zama huɗu ta juyi, huɗu kuma ta kifawa. Yanka ɗanyar kuɓewa a gicciye ka duba, galibi za ka ga ɗakuna biyar jere da 'ya'ya, juyi ɗaya cikin biyar ya mayar da ita yadda take. Ga kuma wani iri da ba juyi ba kifawa: kunyoyin da shanun huɗa ke tayarwa. Mutum ya tsaya a tsakiyar babbar gona, ya matsa kunya ɗaya zuwa gabas, abin da ke gabansa bai sauya ba. Na san wannan misalin zai yi maka nisa, amma ka tambayi masu zuwa gona su ba ka labari.

Yanzu ɗauki wannan ma'auni ka auna kanka, ka ga inda girmanka yake. An juya ka daga rani zuwa damina, kana gindin darbejiya. An juya ƙasa daga mulkin soja zuwa na farar hula, kana nan. A 1991 aka yanke mu daga Jihar Kano aka ce mun zama 'yan Jigawa, taswira ta sauya, takardun ofis suka sauya, lambar mota ta sauya, kai ko tabarmarka ba ta gusa ba. A zo da safe, a zo da la'asar, a ɓullo ta hanyar Karkarna ko ta hanyar Daura, abu guda za a gani: hula a goshi, rediyo a kunne, hannu a kwanon wani. Faifai ma sai an juya shi a tsakiyarsa yake ɓoye sauyi, kai kuwa ta ko'ina. Don haka ban musa maka sarautar daidaito ba. Idonka ne ba shi da ita, jikinka kuwa ya gaje ta.

Tunda na ambaci hula, cire taka ka duba zanen da ya kewaye ta. Fure ɗaya ne ake maimaitawa, wani lokaci a jere kawai, wani lokaci kowane fure yana fuskantar ɗan'uwansa, wani lokaci ɗaya a sama ɗaya a kife kamar sawun mai tafiya. Masu lissafi sun zauna sun ƙirga, suka tabbatar cewa duk adon da ake jerawa a layi, na bakin hula ne, ko na gefen zane, ko na saman katanga, tsarinsa ba ya wuce iri 7. Furen kansa yana iya zama kala dubu, amma yadda ake maimaita shi bakwai ne, babu na takwas. Idan kuwa ado ne mai cika fili gaba da gefe, irin na atamfa ko daɓen tayil, tsarin 17 ne, kuma wani Barashe mai nazarin ƙirar ma'adinai, Fedorov, shi ya tabbatar da haka a 1891. Matan da ke zaune cikin gida da allura da zare suna ƙirga ramukan hula ba su taɓa jin sunansa ba, amma hannunsu na bin dokar ba kuskure. A ganina su ya kamata a riƙa kai wa ɗaliban kwalejin Hussaini Adamu ta Kazaure su ga darasin da idonsu kafin a rubuta musu shi a allo.

Kada kuma ka ce ilimin Turawa ne don ka samu hanyar zillewa. Hatimin nan mai gida tara da malamai ke zanawa, dube shi da kyau. Layin sama 4, 9, 2. Na tsakiya 3, 5, 7. Na ƙasa 8, 1, 6. Ta ko'ina ka haɗa, a kwance, a tsaye ko a karkace, 15 za ka samu. Sirrin yana cibiya: 5 na zaune a tsakiya, kuma duk gidaje biyun da suka sa ta a tsakani, jimlarsu 10 ce, 4 da 6, 9 da 1, 2 da 8, 3 da 7. Za ka iya rubuta hatimin ta fuska 8, ka yi zaton takwas ka ƙirƙiro, alhali guda ɗaya ne kake juyawa kana kifawa, irin na tayil ɗin ɗazu. Wani malamin Katsina, Muhammadu ɗan Muhammadu Alfulani Alkashinawi, ya rubuta littafi da Larabci a 1732 kan yadda ake gina irin waɗannan hatimai masu gidajen mara, ya rasu a Alƙahira a 1741, kuma har yau masu tarihin lissafi na ambatonsa. Daga Katsina ya tashi, ya yi Makka, ya yi Masar. Kai Kazaure ma sai an yi maka alkawarin kuɗin mota da na tsire.

A Faransa kuma an yi wani yaro, Galuwa, wanda ya gane cewa su kansu juye-juyen nan ana iya haɗa su a yi lissafi da su: juyi a kan juyi ya ba da wani juyin, kifawa iri ɗaya sau biyu ta koma kamar ba a yi komai ba. Da wannan ya warware matsalar da ta gagari manya shekaru aru-aru, wato dalilin da ya sa wasu lissafan aljabara ke da dabarar warwarewa wasu kuma ba su da ita. An harbe shi a wani faɗan fito-na-fito a 1832 yana ɗan shekara 20. Ka ninka shekarunsa har da ɗoriya, abin da za ka bar wa duniya shi ne littafin bashin mai shayi.

Halitta kuwa ba don kwalliya take daidaita abu ba, don tattali ne. Masu ɗora amya a kan bishiya sun san saƙar zuma, gida-gida masu kusurwa shida. Siffofi uku ne kacal masu gefe da kusurwa daidai da ke iya rufe fili ba su bar kafa ba: mai kusurwa uku, mai huɗu, da mai shida. A cikinsu mai shida ce ke cin kaki mafi ƙanƙanta ta ba da ɗaki mafi faɗi. Mutane sun daɗe da zaton haka tun zamanin Girkawa, amma sai a 1999 wani Ba'amurke, Thomas Hales, ya kawo cikakkiyar hujja cewa babu wata siffa, ko mai lanƙwasa ce, da za ta fi ta. Haka ma magabata da suka yi rumbu da bakin rijiya a zagaye: da'ira ce ke ɗaukar fili mafi yawa da katanga mafi gajarta, kuma ƙasar da ke danno rijiya ta kowane gefe ba ta samun kusurwar da za ta fara karyawa.

Amma inda nake son ka buɗe kunnen nan mai tsawo shi ne nan. Akwai daidaiton da ba a gani da ido, na dokokin da duniya ke tafiya a kansu. Ka saki dutse cikin rijiya a Yankwashi yau, wani ya saki irinsa a Gwiwa jibi, faɗuwarsu ɗaya. Dokar ba ta san gari ba, ba ta san rana ba, ba ta san gabas da yamma ba. Wata mata Bajamushiya, Emmy Noether, ta nuna a 1918 cewa kowane irin wannan rashin sauyi yana haifar da wani abu da ba ya ƙaruwa ba ya raguwa. Saboda jiya da yau ɗaya ne a wurin doka, makamashi ba ya ɓacewa kuma ba ya fitowa daga babu. Saboda nan da can ɗaya ne, abin da ke tafiya yana riƙe da ƙarfin tafiyarsa sai an tare shi, na zaune kuma yana zaune sai an ture shi. Saboda kowace fuska ɗaya ce, abin da ke juyawa yana riƙe da juyinsa, shi ya sa katantanwar yara ke tsayawa a kan tsininta.

Bari in kawo maka shi kusa. Ka san tankin saman nan na rijiyar burtsatse. A ce jan da ƙasa ke yi wa abu yana sauƙi ran Talata, yana tsananta ran Juma'a. Sai mai wayo ya tura ruwa sama ran Talata da ɗan man fetur kaɗan, ya jira Juma'a ya sako shi ta kan injin ba da wuta, ya samu fiye da abin da ya kashe. Ya maimaita mako-mako, ga lantarki kyauta har abada. Abin da ya hana wannan garaɓasa shi ne Talata da Juma'a ba su da bambanci a wurin dokar. Matar da ta gano wannan ta yi shekaru tana koyarwa a jami'ar Gotingen ba albashi, da sunan wani malami namiji ake sanar da darasinta, don kawai mace ce. A 1933 gwamnatin Hitila ta kore ta saboda Bayahudiya ce, ta koma Amurka, ta rasu a 1935. Da ta zo Yankwashi da ba ta sha wahalar hujja ba. Ga mutum wanda jiyansa da yau ɗinsa ɗaya ne, ga kuma ƙarfinsa a adane cif, tun haihuwa ba a taɓa ko ƙwayarsa ba. Dokar na zaune ma ta tabbata a kanka, domin ba a taɓa ganin ka tashi ba sai da turi daga waje, kuma turin da aka sani guda biyu ne, ƙamshin miya da sanarwar ɗaurin aure.

To, ga inda fahariyarka ta faɗi. Da Allah ya yi duniya irin yadda kake son tagarka, da ba mu zo ba. Fuska ce kawai ke yaudararka. Leƙa ciki: zuciya ta karkata hagu, hanta na dama, huhun dama sashe uku, na hagu biyu don ya ba zuciya wuri. Akan samu mutum ɗaya cikin kusan 10,000 da kayan cikinsa suka juya gaba ɗaya, zuciya a dama hanta a hagu, kuma da yawansu suna rayuwa lafiya lau, ba su sani ba sai ranar da likita ya ɗora abin sauraro ya ji shiru inda ya saba jin bugu. Cikin mutum goma kuwa, kusan tara na dama ne, bahago ɗaya.

Kunun tsamiyar da kake shanyewa da azumi kafin yara su miƙo kofi, shi ma akwai magana a cikinsa. Sinadarin da ke ba tsamiya tsaminta shi ne wanda ke taruwa a gindin gangar ruwan inabi a Turai. A 1848 Luwi Pasta, yana ɗan shekara 25, ya sa gishirin wani nau'in wannan sinadari a ƙarƙashin madubin ƙara girma, ya lura ƙwayoyin iri biyu ne, kowane hoton madubin ɗan'uwansa, kamar tafin dama da na hagu: kama ɗaya, amma duk yadda ka juya ɗaya ba zai hau gurbin ɗayan ba. Ya ɗauki matsefata ya zauna yana tsince su ɗaya bayan ɗaya, na dama gefe, na hagu gefe. Da ya narka kowane kashi ya haska masa haske, wannan ya murɗa hasken dama, wancan hagu. Abin mamakin shi ne itacen inabi da na tsamiya hannu ɗaya kawai suke yi. Daga baya aka gane haka rai yake gaba ɗaya: tubalan da ke gina naman jikinmu kusan duk na hagu ne, sukarin da jiki ke ƙonawa na dama. Ka ga aikin haƙuri, mutum da matsefata yana tsintar abin da bai kai ƙwayar gero ba. Kai ƙayar da ta soke ka ma sai ka kira yaro.

Masana kimiyya sun daɗe suna cewa to, rai ne ya zaɓi hannu, amma dokokin asali ba su san dama da hagu ba. A ƙarshen 1956 wata 'yar asalin ƙasar Sin da ke aiki a Amurka, Madam Wu, ta sanyaya ƙarfen kobalt mai fitar da tururin nukiliya har kusa da iyakar sanyi, ta jera ƙwayoyinsa da maganaɗisu, sai ta ga ƙwayoyin lantarkin da ke fita sun fi yawa ta gefe guda. Duniyar cikin madubi ashe ba daidai take da tamu ba. Kyautar Nobel ta 1957 ta tafi ga maza biyun da suka kawo shawarar, Lee da Yang, ita da ta yi gwajin aka bar ta da sannu da aiki. Har samuwar taurari da ƙasa da ni da kai, masana na danganta ta da ɗan rinjaye ƙanƙane a farkon halitta: abu da kishiyarsa suna cinye juna idan sun haɗu, kuma da sun zo kunnen doki da ba abin da zai saura sai haske. Rarar kusan ɗaya cikin biliyan ita ce duk abin da kake gani.

Maɗinkanmu sun riga su gane daɗin karkata. Ɗauko babbar riga mai aska takwas, ba taka ba, ta aro da ka saba zuwa biki da ita. Aikin ya taru a ƙirjin hagu, asake sun zubo kan aljihu, dama kuwa tambari guda aka ba ta ya isa. A raba aikin nan biyu daidai, rigar ta tashi daga ta sarauta ta koma labule. Wanzami na yin bille a kunci ɗaya, ba wanda ya ce a ƙaro na biyu don fuska ta daidaita. Hular da kake taƙama da ita ma sai an yi mata kari an ɗan kwantar da ita gefe take amsa sunanta. Maginin da ka wulaƙanta saboda faɗin yatsa, ka neme shi ka biya shi ladan aiki biyu, ka haɗa da ban haƙuri.

Saura maganar da ke tsakaninmu. Wasan taubasai shi ma yana da daidaitonsa: a musanya mu, ka hau kujerata in hau tabarmarka, zancen bai sauya ba. Kai ka ce ni bawanka ne, ni in ce kai ne nawa. Duk watan cika-ciki kai ka aiko a karɓo kuɗin shara, ni ma in aika, 'yan aiken su haɗu a hanya su gaisa kowa ya koma hannu rabbana. Wuri ɗaya ne kawai kake karya wannan daidaito, kuma na daɗe ina lura: wajen ɓara goro. Goro ɓari biyu Allah ya yi shi, tsagar tana nan a shirye, amma ban taɓa ganin ka bi ta ba. Sai ka sa farce can gefe, ka ɓalli ɗan kunne ka miƙo mini, sauran ya shige aljihu. Bana akwai sabuwar doka, irin ta masu rabon gado da ba sa son rigima: kai ka raba, ni in zaɓa. Ka tanadi manyan fari guda goma, ina tafe bayan sallar Juma'a, kuma ba sai na yi waya in tambayi inda zan same ka ba.